Idan Waswasi Ya Ƙi Barin Mutum: Wajen Malam, Ƙwayar Likita, Ko Horon Jure Shakka?

Ƙanena tela ne a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Akwai shekarar da muka lura ba ya samun jam'in Azahar, alhali tsakanin kekensa da masallacin layinsu bai fi taku ashirin ba. Wata rana na tsaya daga gefe na zuba masa ido. Ya cika buta, ya wanke hannu, ya kuskure baki, ya kai ga fuska, sai ya tsaya cak yana kallon ƙasa, ya koma farko. Butar ta ƙare bai kai ga shafar kai ba. Ya ɗebo ta biyu, ya ɗebo ta uku. Har liman ya sallame yana tsugune, gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf, tsakankanin yatsunsa ya yi fari ya tsattsage kamar na mai wankau. Na ce masa, "Ai alwalarka ta yi tun butar farko." Ya ɗago kai, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya ce, "Yaya, na san ta yi. Zuciyata ce ta ƙi yarda."

Duk cutar tana cikin wannan magana tasa. Mai irin wannan waswasi hankalinsa ƙalau yake, ya san abin da yake yi ya wuce ƙima, amma bari ya gagare shi. Likitocin Kamaru da Chadi suna rubuta sunanta a takarda da haruffan Faransanci, TOC, na Najeriya kuma OCD. Ƙafa biyu take tafiya da su. Ta farko tunani ne da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba: shakkar tsarki, tsoron ya yi saɓo a zuci, tsoron bai kulle shago ba, ko hoton ya cutar da wanda ya fi ƙauna. Ta biyu kuma aikin da yake maimaitawa don hankalinsa ya kwanta: wanki, dubawa, ƙirge, sake niyya, tambayar mutane. Idan abin yana cinye wa mutum fiye da awa ɗaya a rana, ko yana hana shi sana'a da ibada da zama da iyali, ya fita daga tsantseni ya zama ciwo. Yana kama kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma galibi yana somawa kafin shekara 25.

Mugun tunani mai faɗowa shi kaɗai ba ciwo ba ne. A 1978 masu bincike biyu a Ingila, Rachman da de Silva, sun tambayi mutane masu lafiya, kusan 8 cikin 10 suka ce irin wannan tunani yakan zo musu. Wani binciken da aka yi a ƙasashe 13, aka fitar a 2014, ya samu sama da kashi 90 cikin 100. Mu ma muna da labarinsa tun zamanin Sahabbai, lokacin da wasu suka zo suka ce suna jin abu a ransu wanda faɗinsa ya yi musu nauyi, Annabi (SAW) ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Ga yawancin mutane tunanin yana wucewa kamar ƙuda. Mai waswasi kuwa tsayawa yake ya yi faɗa da shi, kuma faɗan ne ke ciyar da shi.

Shi ya sa ma'auni ɗaya nake ɗauka in auna duk hanyar da aka kawo mana. Maimaitawar mai waswasi kamar susar ƙazuwa take: tana da daɗi a lokacin, an jima ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da. Tambayar da za a yi wa kowace hanya ita ce, tana rage susar, ko kuwa sabon farce take ba mutum?

Gidan malam muka fara zuwa, kamar yadda kusan kowa ke yi a Garwa da Marwa da Ngaundare, kuma ba na ganin laifin hakan. Malam yana kusa, yana jin Hausa da Fulatanci, ba sai an nemo mai fassara Faransanci ba, kuma babu wanda zai nuna ka da baki don an gan ka a zaurensa. Sai dai malamai iri biyu muka tarar, kuma nisan da ke tsakaninsu ya fi wanda ke tsakanin malam da likita.

Na farko ya ce shafar aljanu ce haɗe da sammu. Ya ba da rubutun sha da na wanka, ya ce a yi wankan sau bakwai, ya yanka wa yaron adadin wuridin da zai ja kowane dare, ya ce idan ya yi kuskure a ƙirgen ya sake daga farko. Raguna biyu suka tafi a nan, da wata huɗu. Ban ce mutumin mugu ba ne. Amma wanda dama shakkar ƙirgen wankin gaɓɓai ke neman kashe shi, an ƙara masa wani ƙirgen da dole ya cika ba kuskure. Sai ya zama yana kaiwa ƙarfe biyu na dare da carbi a hannu yana sakewa. Ga kuma sabon tsoro da ya shigo gidan, kowa ya fara zargin wanda ya yi sammun.

Na biyu wani dattijon modibbo ne da ke karantar da yara a Yelwa. Ya saurari ƙanena har ya gama, sai ya ce masa, "Ɗana, ka karanta Ahalari?" Ya ce ya karanta. Ya ce, "To me aka ce a kan mai waswasi?" Ya tuna masa cewa hukuncin da ke ciki shi ne mai waswasi ya watsar da waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, sai dai ya yi sujadar ba'adi. Ya kawo masa hadisin mutumin da yake jin kamar alwalarsa ta karye a cikin salla, aka ce kada ya fita sai ya ji ƙara ko wari. Ya tuna masa cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda bai kai lita ba. Ya kuma karanta masa hadisin da ke cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu muddin ba su aikata ko sun furta ba. Daga nan ya ce, "Daga yau alwala ɗaya. Ko zuciyarka ta ce ba ta yi ba, tashi ka yi sallarka."

Wannan malami, ko da bai taɓa shiga ajin likitanci ba, gefe ɗaya yake da masana lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga wanda waswasinsa na ibada ne kuma bai yi nisa ba, irin wannan malami na iya wadatarwa, kuma ko ya yi nisa ana bukatarsa, domin mai tsoron Allah ba zai yarda ya bar maimaita alwala a kan maganar likita kaɗai ba sai ya ji shari'a ta ba shi izini. Iyakar wannan hanya kuwa a fili take. Sanin hukunci daban, iya bin sa daban. Ƙanena ya yi kwana uku lafiya, a na huɗu ya koma ya sake tambaya, a na shida ya tura tambayar ga wasu malamai biyu ta WhatsApp. Neman fatawar kansa ya zama susa. Sannan wadda waswasinta na tsoron ƙwayoyin cuta ne, ko na duba murhun gas sau goma kafin ta kwanta, babin sujadar ba'adi ba zai kai gare ta ba. Karatun Alƙur'ani da Falaƙi da Nasi da azkar na safe da yamma babu mai hana su, kuma suna sanyaya zuciya. Abin lura kawai shi ne kada su koma abin da ake ƙirgawa cikin firgici duk lokacin da tunanin ya faɗo.

Hanya ta biyu ita ce magani. A nan dole in fara da abin da ba magani ba ne, don shi ya fi sauƙin samu. Masu tallan ƙwayoyi a bakin tasha za su ba ka diyazefam, wato Valium, ko tramol, su ce na kwantar da hankali ne. Diyazefam zai sa mutum barci, amma ba ya taɓa waswasi, kuma jiki yana sabawa da shi har ya kasa rabuwa. Tramol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarin unguwanninmu, kuma haɗa shi da magungunan waswasi na gaskiya yana iya jawo farfaɗiya ko wata matsala mai haɗari.

Magungunan da aka tabbatar suna aiki su ne masu taɓa sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwa, irin su fuluksetin da ake sayarwa da sunan Prozac, da satralin mai suna Zoloft, sai kuma tsohon cikinsu, kulomifiramin, wato Anafranil. Abubuwa uku ne mutane ba su sani ba game da su, kuma rashin sanin ne ke sa a ce "an sha bai yi ba". Ba sa aiki da wuri: sai an yi mako 8 zuwa 12 ana sha kullum kafin a yanke hukunci a kansu. Adadin da waswasi ke bukata ya fi wanda ake ba mai ciwon damuwa, fuluksetin da ake farawa da miligiram 20 likita na iya kai shi 60 a hankali. Kuma idan ya karɓi mutum, ana ci gaba da shi shekara ɗaya ko biyu, ba a yanke shi rana ɗaya, sai dai likita ya riƙa ragewa. Kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu sha suna samun sauƙi mai ma'ana. Sauƙi na ce, domin galibi tunanin ba ya ɓacewa, ƙarfinsa ne ke raguwa, kamar an rage ƙarar rediyo.

Yana da nasa nauyin. Makonnin farko akan ji tashin zuciya, ciwon kai, ko barci ya rikice. Yana iya rage sha'awa ko jinkirta biyan bukata tsakanin ma'aurata, abin da kunya ke hana mutane faɗa wa likita, sai kawai su ajiye maganin a ɓoye. Gara a faɗa, don akan iya canza wani. Anafranil yana busar da baki da taurara ciki da sa kasala, kuma wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san bushewar baki ba ƙaramin abu ba ce, balle da azumi. Yana kuma da haɗari idan an sha fiye da ƙima, saboda haka a ɓoye shi daga yara. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 ana sa musu ido sosai a makonnin farko, don wasu kan ji tunanin kashe kai ya ƙaru. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Ga kuɗi: abu ne na kowane wata, kuma ba kowace farmasi ke ajiye shi ba. Kafin a fara, a tambayi inda za a riƙa samunsa wata shida masu zuwa, domin yankewa a tsakiya ta fi rashin farawa wahala.

Amfanin magani shi ne ba ya bukatar ƙwararre na zama da kai kowane mako. Likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru ƙalilan ne, yawancinsu kuma suna Yawunde da Duwala. Zuwa asibitin Jamot na Yawunde daga Garwa yana nufin motar Ngaundare, sannan jirgin ƙasa na dare, ga masauki ga abinci. Amma a manyan asibitocin larduna ana iya tambayar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma likita na gama-gari da ya san cutar zai iya rubuta maganin ya riƙa bibiya. Masu 'yan uwa a Najeriya wasu kan nufi Yola, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri idan hanya ta yi kyau.

Hanya ta uku ita ce mutanenmu suka fi rashin sani, kuma ita ce a ganina ta fi kowace. Horo ne na fuskantar abin tsoro tare da hana kai maimaitawa. Wani masani mai suna Victor Meyer ne ya fara bayyana shi a Landan a 1966. Idan za ka neme shi a nan, ka tambayi masanin halayyar ɗan Adam ko yana yin TCC, wato gajeren sunan Faransanci na aikin gyara tunani da ɗabi'a wanda wannan horo yake cikinsa, kuma ko ya taɓa yi wa mai TOC. Wannan tambaya ta biyu tana da muhimmanci, domin zaman hira da lallashi kawai, irin na "kwantar da hankalinka, babu komai", ba ya warkar da waswasi, wani lokaci ma ƙara shi yake.

Ga yadda ya kasance a gidanmu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta haɗa mu da wani masani a Yawunde, aka riƙa zama ta wayar bidiyo sau ɗaya a mako. Ya sa ƙanena ya jera abubuwan da ke tayar masa da hankali daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, kowanne ya ba shi maki daga 0 zuwa 10. Suka fara da na ƙasa: ya taɓa ƙofar banɗaki ya zauna minti goma bai wanke hannu ba. Da suka kai ga alwala, aka ajiye buta, aka ba shi ƙaramar gorar ruwa ta rabin lita, aka ce da ita zai gama. Ni aka sa in tsaya kusa da shi. Ranar farko da ya gama, hannunsa rawa yake, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya ce, "Yaya, don Allah gwiwar hannun nan ta jiƙe?" An riga an gargaɗe ni kada in amsa. Na ce, "Mun yi alkawari ba zan faɗa ba. Tashi mu yi salla." Ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba. Ya tayar da salla makinsa na 9. Bayan sallama da kamar rabin awa ya ce ya sauko 5, ba tare da ya sake komai ba. Abin da horon ke koya wa jiki ke nan: tashin hankalin yana hawa, ya tsaya, ya sauko da kansa, kuma abin da ake tsoro bai faru ba.

Akan yi zama 12 zuwa 20. Wahalarsa a gaba take, shi ya sa wasu ke ƙin farawa ko su gudu a tsakiya. Amma abin da aka koya yana zama, saɓanin magani da ciwon kan dawo wa da yawa idan sun daina. Wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2005, ya gwada hanyoyin kai da kai na mako 12. Cikin waɗanda aka yi wa horon kaɗai, kashi 62 cikin 100 sun samu sauƙi sosai. Masu shan Anafranil kaɗai kashi 42, waɗanda aka haɗa musu biyun kashi 70, masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta kuwa kashi 8. Matsalarsa a wajenmu ita ce samun wanda ya iya, da kuɗin zama, da intanet mai ɗaukar bidiyo, da kuma harshe, tunda bayyana abin da ke cikin zuciya da Faransanci ba kowa zai iya ba.

To wa zai ɗauki wanne? Idan waswasin na tsarki da salla ne, bai daɗe ba, mutum yana zuwa aikinsa, a fara da malami masanin fiƙihu wanda zai ce "kada ka sake", a yi yarjejeniya cewa tambaya ɗaya amsa ɗaya, malami ɗaya. A ba shi wata guda ko biyu. Idan awannin da abin ke ci ba su ragu ba, kada a ƙara yawan malamai, a ƙara likita. Idan ana iya samun mai horon, kuma mutumin yana da ƙarfin zuciyar farawa, horon ne zaɓin farko, musamman ga yara da matasa, da mai ciki da ba ta son shan magani. Idan abin ya cinye rabin yini, ko ya haɗu da baƙin ciki mai nauyi har mutum ba ya ci ba ya barci, a fara da magani don ya sauko inda zai iya jure horon. Idan kuma mutum yana ƙauyen da babu mai horon ko kusa, magani a hannun likita tare da malami mai fahimta da ɗan uwa guda mai tsayawa ya fi zaman jira. Mu kam duka hanyoyin uku muka haɗa: modibbo ya ba da izini, satralin ya rage ƙarar, horo ya yi sauran.

Duk wadda aka zaɓa, mutanen gida na iya rushe ta da tausayi. Innarmu ta yi shekara tana ɗebo masa ruwa, tana rantse masa cewa tufafinsa masu tsarki ne, tana sake wanke abin da ya ce a sake. Ƙauna ce ta sa ta, amma kowace amsa susa ce. Tsawa da gori su ma ba sa aiki, ɓoyewa kawai suke koya wa mutum. Abin da ya yi mana amfani shi ne jimla ɗaya da muka amince da ita tare da shi tun yana cikin natsuwa, kowa ya riƙa maimaita ta cikin taushin murya.

Akwai nau'in da ba a gani da ido, kuma masu shi sun fi kowa shan wuya. Mai jego da hoton ta jefar da jaririnta ke faɗo mata, har ta daina ɗaukarsa ta ɓoye wuƙaƙen gidan. Saurayin da kalmar saɓo ke zo masa a tsakiyar sujada, ya ɗauka ya kafirta. Kirista maƙwabcinmu ma yana iya fama da irinsa a addu'arsa. Waɗannan ba sa faɗa wa kowa don tsoron a ce musu mugaye. Firgicin da suke ji shi ne shaidar cewa tunanin ya saɓa wa halinsu, kuma masu waswasi ba a san su da aikata abin da suke tsoro ba. Maganinsu ɗaya ne da na mai alwala, sai dai maimaitawarsu a zuci take, ita za a gano a daina.

Wannan ya bambanta da wanda ke jin muryoyi daga waje suna ba shi umarni, ko ya gaskata cewa tunanin gaskiya ne, ko mai jegon da ta rikice ta kwana biyu ba barci tana maganganun da ba su da kai, ko wanda ya fara shirin kashe kansa da gaske. Waɗannan asibiti za a kai su a ranar, ba a jira malam ko mako mai zuwa ba.

Kafin zuwa ganin likita, a rubuta a takarda abin da ake maimaitawa, sau nawa, awa nawa yake ci, da duk abin da ake sha, har na gargajiya da na bakin tasha. Wanda nauyin baki zai hana shi faɗin tunanin, ya miƙa takardar kawai.

Ƙanena ya koma kan kekensa, likita kuma ya fara rage masa maganin bayan shekara ɗaya da rabi. Abin yakan leƙo idan aiki ya yi masa yawa, musamman goman ƙarshe na azumi da ɗinkin salla ya taru ba ya samun barci. A irin waɗannan kwanaki yakan ajiye buta, ya ɗauko gorar nan ta rabin lita daga ƙarƙashin teburin yanka, ya yi alwala da ita ya shiga sahu.